Shekarar da Ɗakin Gishirin Baba Ya Rushe

Da sunan Allah mai rahama, wanda ya ara mini kwana har haƙorana sunka ƙare hankalina bai ƙare ba. Ku ɗiyana da ɗiyan ɗiyana, akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau sai na fitar da ita. Tun kuna ƙanana kuke jin gwaggonninku, ƙannen babanku, suna kirana amarya mai ɗaki fayau. Kuna dariya, ni ma ina yi, don wasan dangin miji ba a ɗaukarsa da zafi. Amma kwanan baya na ji ɗaya daga cikinku, ba zan faɗi suna ba, ta san kanta, tana gaya wa ɗiyarta wai mahaifina marowaci ne, shi ya sa anka kai ni gidan miji ba tukunya ba zane. To wannan kam ba ta haɗiyuwa. Ubana yana da laifinsa, kuma zan faɗe shi ba ɓoye-ɓoye, amma rowa ba ta ciki. Kayan ɗakina ni na ƙone su da hannuna, ina cikin hankalina, kuma da za a mayar da ni waccan shekarar da na sake.

Baba ɗan kasuwar gishiri ne a nan birnin Sakkwato. Da kaka ta yi sai ya bi fatake, ya sawo gishiri da kanwa, ya tara a wani ɗakin ƙasa da ke bayan gidanmu, ya riƙa fitarwa kaɗan-kaɗan har damina, lokacin da hanya ke yankewa gishiri ya yi daraja. Abin da ke cikin ɗakin nan shi ne gonarmu, shi ne garkenmu, ba mu da wani. Mahaifiyata ban san ta ba, ta rasu ina jinjira. Wadda na buɗe ido na gani ita ce Iya. Baiwa ce, Baba ya saye ta a shekarar da anka haife ni, anka sa mata suna Alheri, amma ni ban taɓa kiranta da shi ba. Gajera ce, baƙa, tafin hannunta da kaushi kamar dutsen niƙa. Daga yamma anka kawo ta, Hausarta har ta manyanta ba ta miƙe ba, in kuma ka tambaye ta garinsu sai ta ce tuwo na ƙonewa, ta tashi ta bar ka. Ga faɗa kamar me. In na yi ɓarna ta murɗe kunnena har sai maƙwabta sun ji ihuna, an jima kuma ta kira ni bayan ɗaki ta ba ni ƙanzon da ta ɓoye mini.

Shekarar da nake ba ku labari an riga an sa ranar aurena da babanku, sai an yanke gero. Ina so yana so, ba abin da muke jira sai kaka. Gwaggo Asabe, yayar Baba, wadda ke zaune da mu tun rasuwar mijinta, ta yi shekara biyu tana tara mini kaya: sabbin tukwane manya da ƙanana, ƙore masu zane, tabarmi, baƙaƙen zannuwa masu ƙyalli, saƙi guda biyu, da munduwar tagulla. Ta jera su a ɗakinta ta lulluɓe da tsohuwar tabarma, ko ƙuda ba ta yarda ya sauka a kai.

Sai marka ta zo, irin wadda tsofaffi ke cewa sun daɗe ba su gani ba. Kwana shida ruwa bai ɗauke ba. Ran na bakwai bayan azahar muna fake a madafa munka ji rugugi, har ƙasa ta motsa. Ɗakin gishiri ne ya zauna. Bango da rufi duka sunka faɗa kan kayan, kantunan gishiri sunka farfashe, taikunan kanwa sunka yage, tokar murhu da muke tarawa a jikin bangon ta bi, har da kashin awaki. Da ruwa ya tsagaita munka je, babu komai a wurin sai tulin laka mai ruwan toka, nan da can ɗan fari yana leƙowa. Baba ya tsaya a kai, rawaninsa na ɗiga, bai ce komai ba sai innalillahi, ya yi ta maimaita ta.

Washegari ƙanensa, Baffa Dikko, ya zo jaje. Suna zaure, ni kuwa na ɗauko faifai na zauna bayan zana, wai ina tsintar shinkafa.

"Yaya, abin ai mai sauƙi na," in ji Baffa. "A shanya gishirin da ƙasarsa, a daka, a cakuɗa da ɗan mai kyau, a kai ƙauye. Wa zai gane?"

"Allah zai gane," in ji Baba. "Ba a sayar da ƙasa da sunan gishiri daga gidana."

"To sai ka sayar da abin da ke sayuwa. Akwai wani falke da za shi Kano, yana neman dattijuwa mai iya girkin ayari. Alheri ta yi daidai. Ka sami abin bin fatake bana, in ba haka ba gidan ga da mi za shi ci?"

Na kasa kunne in ji Baba ya ce masa tir. Shiru. Wannan shirun shi ne laifin ubana, kuma har ya koma ga Allah ya san da haka. Da ya buɗe baki, tambaya ya yi yaushe mutumin zai tashi. Baffa ya ce Juma'a ta sama, in an sauko masallaci. Ban san lokacin da na watsar da faifan na faɗa zauren ba, ko lulluɓi babu, na rungume ƙafar Baba.

"Baba, Iya ce fa! Wadda ta goya ni! Ka sayar da ni ka bar ta!"

"Tashi, Kulu," ya ce, bai dube ni ba. "Ke kina da gidan zuwa. Sauran bakunan da ke gidan ga fa?"

Iya duk ta ji, don zana ba ta tare magana. Na zaci zan tarar tana kuka. Ina! Na same ta tsugune gaban tulin lakar nan, ta lakato da yatsa ta ɗora a harshe, ta matsa gaba ta sake lakatowa, kamar mai ɗanɗana miya. Sannan ta miƙe ta je ƙofar zaure ta durƙusa, abin da ba ta taɓa yi ba in Baba na da baƙo.

"Maigida, gishirinka bai mutu ba, ɓuya ya yi. A ƙasarmu, can Foga, daga cikin ƙasa muke fitar da shi. Ka ba ni randuna da itace."

Ran nan na fara jin sunan ƙasarsu, ina da shekara goma sha shida a duniya. Baffa ya yi dariya har da buga cinya, ya ce tsohuwa ta ji batun Kano ta fara mafarki da rana tsaka. Baba bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce ya ba ta daga yau zuwa ranar da falken zai tashi. In ta fitar da abin da zai iya kaiwa kasuwa ba tare da kunya ba, ta zauna. In ba ta fitar ba, to, bai ƙarasa ba, kowa ya san sauran.

Munka tattaro randunan gida, munka aro na maƙwabta, sunka zama takwas. Iya ta sa muna zuba laka zuwa rabi, mu cika da ruwan rijiya, mu dama da muciya. Abin da ya taso sama, ciyawar rufi da kashin awaki, ta kwashe ta watsar. Ni idona na kan 'yan gutsattsarin farin nan, su kaɗai sunka rage masu kama da gishiri, sai na ga suna ƙanƙancewa a cikin ruwan har sunka ɓace.

"Wayyo Iya, kin ida kashe shi!"

"Dama, ke dai. Bakinki ya fi hannunki aiki."

Kwana biyu muna wannan, har rabin tulin ya shige randuna. Ran na uku da hantsi ta ɗauki kwando ta tafi bakin gulbi ɗebo rairayi mai kyau, ta ce in kula da randunan kada awaki su sa baki. Kula kaɗai ta ce. Ni kuwa na leƙa na ga laka ta kwanta luf a gindi, ruwa ya tsaya a sama garau, har kana ganin fuskarka. To ku mata kun san abin da hannu ya saba. Tun ina shekara bakwai nake yin kamu: ki jiƙa gero, ki niƙa, ki tace, ki bar shi ya kwanta, ki tsiyaye ruwan sama, abin kirki yana ƙasa. Haka ake wanke shinkafa, haka ake kusan komai a madafa. Na ce bari in rage wa Iya aiki. Na ɗauki ƙwarya na bi randunan nan ɗaya bayan ɗaya ina kwashe ruwan ina sheƙawa a tsakar gida, har da 'yar waƙata. Da ta dawo ina tsaye na riƙe ƙugu ina jiran yabo.

"Kulu, ina ruwan?"

"Na tsiyaye miki, Iya. Dubi yadda ya kwanta."

Ba sauke kwandon ta yi ba, faɗuwa ya yi daga kanta. Ta ruga ta tare kwatar da ke fitar da ruwa waje da ƙafarta, ta yi ta tura laka da hannu har ta toshe, sannan ta zauna daɓas a ƙasa. Ta yafuto ni. Ta lakato abin da ya kwanta a randa ta shafa mini a harshe: ƙasa ce, kusan lami. Ta dangwalo jiƙaƙƙiyar ƙasar tsakar gida ta sake shafa mini, sai da na runtse ido don zartsi.

"Abin da muke nema shi kinka zubar," ta ce a hankali. "Abin da muke gudu shi kinka aje."

Wallahi da ta rufe ni da duka da na ji sanyi. Ko kunnena ba ta taɓa ba. Na tsaya na gane cewa ba Baffa ba ne, ba Baba ba ne, ni Kulu ce na sayar da Iya, da ƙwarya a hannu ina waƙa. Na yi kuka har muryata ta dushe. Abin haushi, a wurin Modibbo, tsohuwar da ke karantar da mu 'yan mata, an koya mana cewa ta hanya uku ake gane ruwa ya gauraya da wani abu: launinsa, warinsa, da ɗanɗanonsa. Na haddace tsaf, har rerawa nake. Ranar da abin ya zo mini a cikin randa sai na tsaya ga launi kawai.

"Share hawayen ga, gishirinsu ba ya isarmu," in ji Iya. "Wanda ya fita kwata ya tafi. Wanda ƙasar gidan ga ta sha yana nan. Ki roƙi Allah ya ba mu rana."

Ku ji fa, tsakiyar damina, gero na fitar da kai, duk manoman ƙasar nan na fatan ruwa ya ɗore, ni kaɗai ina ɗaga hannu bayan kowace salla ina roƙon a riƙe shi. Allah ya yafe mini. Ya kuwa ba mu kwana biyu na rana mai zafi. Ran na biyu da la'asar Iya ta jawo hannuna ta nuna mini tsakar gida. Ta yi fari fat, kamar an barbaɗa gari. Ruwan ya tafi ya bar abin da ya ɗauko. Munka bi da sakaina muna kankarewa har gindin bango, munka mayar cikin randuna. Sai dai aikin kwana biyar ya koma farko, ƙasar da za a wanke ta ƙaru, kwanakin kuma sun ragu.

A nan na ga sana'ar Iya. Ta shimfiɗa ciyawa a cikin kwando, ta zuba rairayin gulbi a kai, ta ɗora kwandon bisa duwatsu, ta tara masaki a ƙasa. Ruwan randa ake zubawa a hankali, ya riƙa ɗiga tas. Shi za a ɗora a wuta, a yi ta yaɗe kumfa, a yi ta jira. Maƙwabtanmu mata sunka riƙa leƙowa ta katanga suna ƙus-ƙus, wai gidan mai gishiri talauci ya kai su ga dafa ruwa. Tukunyar farko na zauna gabanta kamar mai jiran haihuwa. Da ruwan ya ja baya sai na ga wani fari yana kama gefen tukunya, sannan ƙwayoyi sunka fara taruwa a gindi, in an motsa ka ji suna ƙaras-ƙaras. Na yi tsalle har na kusa kifar da ita. Iya ta kwashe da ludayi mai huji ta zuba a faifai. Amma ba ta bari tukunyar ta ƙafe ba, ta sauke da sauran ruwa ja-ja a ciki, ta juye a wani kasko daban. Na ce don mi, bayan duk wahalar da munka sha? Ta ce in taɓa. Na taɓa, ga ɗaci ga santsi, kanwa ce ta fi yawa.

"Kowa da halinsa," ta ce tana gyara wuta. "Ƙasa ba ta narkewa, sai ta kwanta. Ciyawa ta taso. Gishiri da kanwa su bi ruwa, ido ba ya ganinsu. In wuta ta kori ruwan, gishiri ka fara fitowa, kanwa ta tsaya baya. In kinka yi haɗama kinka jira ta ƙafe, sun sake haɗuwa, miyar mutane ta yi ɗaci, a zagi ubanki a kasuwa. Wancan na kasko a ba dabbobi."

Tana wannan bayani fuskarta ta sake, kamar ba ita ce mai murɗe kunne ba. Ta ce a can, da rani ya yi, gari guda ke tashi ya koma kwarin gishiri, a kafa bukkoki, hayaƙi ya tashi tun daga nan har iyakar gani. Ta fara wata waƙa da harshensu, ta yi baiti biyu, sai ta katse ta ce in daina hangame baki in kawo ruwa.

Matsala ta ɓullo ta inda ban zata ba. Ashe gishiri cin tukunya yake. Tsofaffin tukwanen girkinmu biyu sunka tsage ran farko, ta uku ta bi su washegari, ruwan ya tsiyaye ya kashe wutar. Itacen da Baba ya bayar kuma ya ƙare, busasshen itace kuwa a marka sai mai hali. Iya ta dubi randunan da ke jira, ta dubi tukunya guda da ta rage, ta lanƙwasa yatsunta na kwanakin da sunka saura, sai ta ce mini in je in huta. Yadda ta faɗe shi na san ta sallama. Ban je na huta ba. Ɗakin Gwaggo na shiga, na yaye tabarmar nan, na fara fitowa da tukwanen aurena bibbiyu.

"Ke! Kulu! Aljanu sunka shige ki?" Gwaggo ta biyo ni tana salati. "Shekara biyu ina tara wannan! Da mi za a kai ki? Dangin mijinki za su yi ta yi miki dariya har ki tsufa!"

"Su yi, Gwaggo."

"Don baiwa?"

"Don Iya."

Ta kuwa faɗi gaskiya, ga shi na tsufa ana yi. Iya da kanta ta tare ni ta ce in mayar, ba ta yarda a ce ta ci kayan ɗiyar gida ba. Na ce mata ni na zubar, ni zan kwashe, in kuma ta hana ni zan farfasa su a gabanta. Ta san halina, ita ta rene shi. Munka kafa murhu shida a tsakar gida. Zannuwan kuwa mutanen Wamakko masu kawo itace a kan jakai sunka tafi da su a bakin kuɗin itace, ɗaya bayan ɗaya, baƙaƙen da saƙin, munduwa ma ta bi. Ƙoren nan kuwa, ruwan zartsi ya ci zanensu, tabarmin munka shanya gishiri a kai har sunka lalace. Gwaggo ta yini ba ta yi mini magana ba, washegari na gan ta ta ci ɗamara tana yaɗe kumfa tana zagina ƙasa-ƙasa. Baba bai ce a yi ba, bai ce a bari ba. Amma ran Talata da safe na ji sara a bayan gida, na leƙa, sai ga shi ya tuɓe riga yana jawo azarar rusasshen ɗakin yana faskarawa, mutumin da ban taɓa ganin gatari a hannunsa ba. Ya kwaso ya zube gaban Iya, ya juya da sauri don kada su haɗa ido.

Kwanakin nan ba na manta su. Hayaƙi ya mai da idanunmu jawur, hannuwanmu sunka tsattsage, gishiri na shiga tsagar kamar an zuba barkono. Ran Alhamis da la'asar tukunya ta ƙarshe ta sauka. Cikin tukwanena babu wadda ta fita lafiya. Gishiri kuwa ga shi tuli a kan tabarmi. Bai kai wanda ɗaki ya faɗa wa ba, ko kusa, amma ya fi shi fari, ba tsakuwa ba ɗaci. Baba ya shigo da Baffa. Baba ya fara ɗanɗanawa. Baffa ya ɗanɗana, ya sake, sai na ga idonsa ya yi haske.

"Yaya, ai ka yi arziki biyu! Ga jari ya dawo, ga kuma baiwa mai wannan sana'a. In falken nan ya ga wannan, abin da zai bayar sai ya ninka."

Ashe duk wahalar da munka sha daraja munka ƙara mata a kasuwa. Na dubi Iya, tana tsaye da ludayi a hannu. Baba ya dubi tsagaggun tukwanen, ya dubi hannuwana, ya dubi nata.

"Dikko, ka ji tsoron Allah, ni ma in ji," ya ce. "Gobe in an sauko Juma'a ka biyo mini da liman da maƙwabta biyu."

Washegari a gabansu ya 'yanta ta. Ya ce su shaida, daga yau Alheri ba baiwa ba ce, babu mai iko da ita sai Allah. Ni kam guɗa na yi ta rangaɗawa har Gwaggo ta ce in rufa wa kaina asiri, ba a yi wa kai guɗa ana saura wata biyu aure. A raina na gama shiri: Iya za ta bi ni gidan miji, ta yi mini wankan jego, ta goya ɗiyana, ta tsufa a ɗakina.

Da kaka anka yi biki. Ita ta sa mini lalle, ita ta wanke ni, ita ta riƙe hannuna har ɗakin da babu komai cikinsa sai tabarma ɗaya da tukunyar aro. Babanku, Allah ya jiƙansa, da ƙannensa sunka fara surutu cewa ya yi shi ba tukunya ya aura ba. Ran da na kwana bakwai a gidan miji Iya ta shigo da hantsi, ta zauna kusa da ni, ta kama ƙafata tana duba lallen kamar abin da ya kawo ta ke nan.

"Kulu, jibi fataken babanki za su yamma. Zan bi su."

"Ki je ki yi mi?"

"Ranar da anka kama ni ina bakin aikin gishiri, na aje ɗiyata a inuwa, watanta huɗu. Nonon da kinka sha, nata na. Ina son in gani ko ta rayu."

Shekara goma sha shida ina kwana a bayan matar nan, an sha gaya mini ita ta shayar da ni, ban taɓa tambayar kaina inda baiwa sabuwar saye ta sami nono ba. Da ina da hankali da na rungume ta. Amma ƙuruciya da son kai sunka rufe mini ido, na fizge ƙafata.

"Na ƙone kayana kaf don ki zauna!"

"A'a, ɗiyata. Kin ƙone su don kada a sayar da ni. Ba a kuwa sayar da ni ba."

Na juya mata baya na fuskanci bango. Ta daɗe zaune. Ta sa mini albarka, ta dafa kaina, ban juyo ba. Ina jin tafiyarta har tsakar gida, ina jin ta tsaya tana sallama da surukata, ina da damar tashi in bi ta, ban tashi ba. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai a duk zamana na duniya, ya fi zubar da ruwan randa nesa ba kusa ba. Baba ya raka ta har inda hanya ta rabu, ya haɗa ta da wasu amintattunsa, ya dawo ya ce tana tafiya gaban jakai kamar yarinya. Daga nan shiru. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Na riƙa saƙawa a raina ko ta mutu a hanya, abin da ta gani na ƙarshe a wurina ƙeyata ce. Ko ta isa ta tarar ba kowa, ta rasa can ta rasa nan, kuma ba ta san na daina fushi tun ran da ta fita ba.

Ina kwana huɗu da haihuwar babbanku, ina zaune a ɗaki da rana, anka ce wani falke na sallama a zaure, daga yamma yake, yana neman Kulu ɗiyar mai gishiri. Babanku ya fita, ya dawo da ƙunshi a cikin kaba ya aje gabana. Na kwance. Gishiri ne, dunƙule guda, fari tas. Na ce ba saƙo? Ya ce akwai, mutumin ya ce tsohuwar ta sa shi ya maimaita har sau uku don kada ya ɓata shi a hanya.

"Ka gaya wa ɗiyata ta Sakkwato na tarar da 'yar'uwarta da rai, da ɗiya biyu. Ka ce mata na san ta juyo bayan na fita."

Na sa gishirin a harshe na yi ta kuka, har ungozoma ta ce in yi a hankali kada nonona ya ƙafe. Ban sake jin labarinta ba, ban kuma san inda kabarinta yake ba. Da wannan gishirin anka yi miyar sunan babbanku, duk unguwa ta ci.